Mai Taya da Laimar Ko-ta-kwana

Wani ne ya zo mana nan filin da ake tsalle daga jirgin sama da laimar sauka, mai sayar da tayoyi a cikin gari. Ba zan kama sunansa ba, matarsa ce ke kawo min ƙwai. Irin mutanen nan ne da in sun kulle mota sai sun koma sau uku sun taɓa ƙofa. Ya gama koyo, ya sayi jakarsa ta hannu, laima biyu a ciki kamar ta kowa: babba wadda mutum ke naɗe abarsa, da ta ko-ta-kwana wadda ba mai naɗe ta sai mai takardar izini. Namu Wendell ne. Tun mijina marigayi Harlan yana da rai Wendell ke wannan aiki a bayan rumfar jirgi, kuma bai iya surutu ba.

Awa uku ya yi a kan laimar mutumin. Ya bi ɗinki, ya bi igiya ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe, ya danne sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke cilla laima waje, da gwiwa, ya ɗaura jan zare, ya matse hatimin darma, ya sa hannu a kati. Ya miƙa masa ya ce sai bayan wata shida.

Mutumin ya jujjuya jakar, ya tambaya ta yaya zai san za ta buɗe. Wendell ya nuna masa hatimi. Ya ce hatimi kam ya gani, laima ce bai gani ba. Sai ya goya jakar, ya kama mariƙin ƙarfe, ya ja. Sifirin ya yi tsalle ya kifar min da butar kofi. Farin ƙyalle ya zube a ƙasa.

"Madalla, tana aiki," in ji shi. "Mayar da ita yadda take, Mista Wendell."

Wendell ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar a kai. Ya sake naɗi har la'asar.

Asabar ta zagayo. Jirgi ya kunna, mutum uku suna ciki ana jiran na huɗu. Jirgina kuwa ba ya tashi da mutum uku, man jirgi ba ruwan sama ba ne. Sai muka ji fau daga wajen ajiye motoci. Can sai ga mutumin rungume da laima kamar mai kwasar shanya. Ya ce duk mako yana tunani: naɗin da ya gwada na wancan makon ne, wannan kuwa ba wanda ya gwada shi. Yanzu dai ya gwada, ba laifi, Wendell ya iya aiki. Matuƙi ya kashe inji ya tafi cin abinci.

Wendell ya ce shi da jakar nan har abada. Wani mai izinin kuwa sai an yi tafiyar awa huɗu. Na ga kujerata ta huɗu za ta zauna haka har masara ta bushe, sai na bi Wendell bayan rumfa. Ya ce sai na gasa masa faranti biyu na kek ɗin tuffa. Na ce rabi. Ya ce to ɗaya, saboda Harlan. Na ce Harlan ma rabi yake samu. Muka daidaita a rabi, ya dawo min da farantina a wanke.

Da ya gama naɗi na uku bai saki jakar ba. Ya riƙe ɗaya gefen, mutumin ya riƙe ɗaya.

"Ka ji ni da kyau, mai taya. Ka sake jan mariƙin nan, ko a ina ne, hannuna ba zai ƙara taɓa jakarka ba. Ka kai wa matarka ta ninke maka ita tare da zannuwan gado."

Mutumin ya roƙi a maimaita masa. Aka maimaita. Ya ce ya gane.

Jirgi ya tashi da su huɗun, suka hau sama ƙafa dubu goma. Ina ƙasa da madubin hangen nesa, Wendell yana gefena yana cin rabinsa. Laima ɗaya ta buɗe, ta biyu, ta uku. Na huɗu yana ta zuwa kamar buhun siminti. Daga baya muka gano dalili: shi ya naɗe babbar da kansa, kuma don kada mariƙinta ya zame ya cusa shi can ciki, inda ko ƙugiya ba za ta zaƙulo shi ba. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Tun ranar farko ake koya wa kowa: ka laluba sau biyu, in babu, ka ja ta ko-ta-kwana.

Bai ja ba. Na fara ganin launin takalminsa. Wendell ya daina tauna.

"Ja mana, mai taya," ya ce a hankali. "Ja, ɗan banza."

Akwai wata 'yar na'ura a cikin jaka, wadda in ta ga mutum ya kusa ƙasa bai rage gudu ba, sai ta yanke igiya ta saki laimar da kanta. Ita ce ta gaji da jira. Fari ya buɗe daf da gonar maƙwabcinmu, kafin in haɗiye miyau mutumin ya shige cikin masara.

Shekara talatin na san Wendell, ran nan na fara ganin gudunsa. Muka sami mutumin a zaune, takalmi ɗaya babu, ganyen masara a baki, laima ta rufe kunya shida. Wendell ya latsa shi daga wuya zuwa idon sawu, bai sami karaya ba, sannan ya tambaye shi ko hannunsa ne bai kai ga mariƙin ba. Ya ce a'a, tun daga sama hannunsa na kusa da shi. Ko ya maƙale ne? Ya ce bai sani ba, bai gwada ba.

"To uban me kake jira?"

Mutumin ya tofar da ganyen, ya buɗe ƙirji ya nuna mariƙin yana nan a mazauninsa.

"Kai ka ce in na sake ja ba za ka ƙara naɗe min ba. Duba da kyau, Madam ce shaida, ni ban taɓa ba. Yaushe zan zo in karɓa?"