Yadda Ake Zaɓar Kamfanin Da Ya Fi Kowa Yawan Kaya

Ɗan'uwa, gyara zama. Shekarata biyu a kasuwancin nan na "kawo mutum, shi ma ya kawo mutum", kuma na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, kafin wata uku sunanka zai zaga dangi gaba ɗaya. Ni shaida ne.

Mataki na 1: Auna littafin kaya, kada ka karanta shi

Wakilan kamfani biyu suka same ni a mako ɗaya. Ta farko wata baiwar Allah ce da 'yar takarda guda, sabulu kala uku. Na biyu wani mutum ne da ake kira Mai Kwat. Da ya dire littafinsa a kan teburina, sai da kofin shayi ya yi tsalle.

"Kaya ɗari huɗu da goma sha biyu," in ji shi. "Daga man gashi har maganin ƙwari."

Nan take na sa hannu. Ka riƙe wannan: kamfanin da za ka iya haddace kayansa bai isa ya riƙe ka ba.

Mataki na 2: Guji shawarar mai hankali

Matata ta juya shafi biyar ta ɗago kai. "Baban yara, a cikin ɗari huɗun nan wanne ka san amfaninsa?"

"Ke, mai kanti sai ya lashi komai kafin ya sayar?"

Ta ce Allah ya kyauta. Ɗauki wannan a matsayin addu'a, ka wuce.

Mataki na 3: Nemi wurin ajiya

Kwalaye za su zo. Cika ƙarƙashin gado, sannan saman kabad, sannan bayan ƙofa. A gidanmu talabijin kan kwalin shayin rage ƙiba ta koma, mu kuma muka koyi shiga ɗaki a kaikaice kamar ƙaguwa.

Mataki na 4: Fara da babba a dangi

Surukina tsohon shugaban makaranta ne, mutum mai kwarjini, mai sanƙo tun daga goshi har ƙeya. Zai yi jawabi a taron tsofaffin malamai, sai na kai masa kyautar man gashi.

Kwalaben kamfaninmu duk kore ne, lamba ce kawai ta bambanta su. Man gashi 217 ne. Ni kuwa 271 na ɗauka. Kada ka tsaya duba irin wannan, babban ɗan kasuwa ba ya ɓata lokaci a kan ƙananan rubutu.

Mataki na 5: In an kira ka, tafi da littafin

Washegarin taron aka aiko in zo. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗaga kai, na ga hoton fankar ɗakin tana juyawa a tsakiyar sanƙonsa kamar madubi.

"Sau uku hulata ta zame ina tsaka da jawabi," ya ce a hankali. "Mai hoto ya roƙe ni in matsa inuwa. Me ka ba ni?"

Matata ta karɓi kwalbar ta juya bayanta. Hoton tayar mota ne.

"Baba, kada ka damu," na ce, ina buɗe littafi. "Amfanin yawan kaya ke nan. Akwai 305, yana cire kowane irin maiƙo."

Surukata ta leƙa shafin. "Wannan ba tukunya ba ce a jiki?"

Baba ya nuna ni da sandarsa. "Mako ɗaya na ba ka. Ko kwalayen su bar gidan, ko 'yata ta bar shi."

Na kira Mai Kwat sau tara. Wayarsa a kashe.

Mataki na 6: Bar wa mai hankalin sauran aikin

Matata ta miƙe. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta 271 da hoton Baba na taron, ta nufi wurin masu wankin mota na bakin titi. Ta nuna wa shugabansu hoton ta ce, "Shafa ɗaya ke nan, kuma an wanke sau huɗu da sabulu."

Mutumin ya daɗe yana kallo. "Kwali nawa gare ki, Hajiya?"

Kafin mako ya cika babu sauran 271 a gidan. Sauran kala ɗari huɗu da goma sha ɗayan muka jibge a garejin ƙanena, Baba ya huce, aure ya tsaya. Yau matata ke da kasuwancin, kala ɗaya tak take sayarwa, ni kuma nake kai wa masu wankin mota a babur. Baba ya hana a ƙara nuna hoton, sai dai ta kwatanta da baki.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi wannan shawara har wani nasa ya yi ƙyalli, ko kumfa, ko ƙaiƙayi, babu ruwana. Ban san ka ba, ba ka san ni ba, ko a hanya kada ka gaishe ni. Amma in kana sha'awar shiga ƙarƙashina, akwai gurbin mutum uku.