Ruwan Kifin Mai Girma

"Bututun nan naka ne, Ashiru. Zo ka karkata abinka."

"Nawa? Tun yaushe? Ba kai ka kai ni gaban mai unguwa a kansa ba?"

Haka na tarar da su jiya da hantsi a bayan katanga, yayana Mika'ilu da Ashiru, maƙwabcinsa na lambu. Bara waɗannan biyun sun kusa dambe a kan wa zai mallaki bututun. Bana kowa kyauta yake ba ɗan'uwansa. Zumunci ya dawo unguwarmu Inkil.

Bari in yi muku bayani. Ba na son dogon zance.

Katangar ta wani babba ce. Ba zan faɗi suna ba, mu dai muna kiransa Mai Girma Garkuwan Masu Ƙishi, don duk kakar zaɓe shi ke zuwa ya yi mana alƙawarin famfo. Famfon bai iso ba. Amma a falonsa akwai akwatin gilashi mai tsawon motar haya, cike da kifin teku. Teku, a Bauchi. Kifin ba su shan irin ruwanmu. Sai an tace, a sake tacewa, sannan a zuba gishirin da ya hawo jirgi. Abin da injin tacewar ya ƙi, shi ke fitowa ta bututun nan. Ruwa garau, ba gishiri. Da shi Yaya yake noman alayyahu da tumatir duk rani, da shi gidanmu ke ci. Wato alƙawari ya cika ta bayan gida. Kifi ya zaɓa, mu mu kwashi saura. Ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba.

Sai makon jiya aka ce za a inganta.

Ni kalmar nan tsoro take ba ni. Titinmu ma ingantawa aka zo yi, aka haƙe shi aka tafi.

Chidi mai gyaran famfo ne ya yi aikin, kuma abokin hirata ne. Ya ce a ƙarƙashin akwatin akwai wani tanki ɓoyayye, can ruwan ke sauka a wanke shi ya koma sama. Tsohon ya yi wa kifin kaɗan. Aka kawo sabo mai ɗakuna, da inji mai hankali wanda shi da kansa yake zubar da tsohon ruwan gishiri ya ɗebo sabo.

Na ce, "Ina yake zubarwa?"

Ya ce, "Ɗan'uwana, rami ɗaya ne a katanga. Na ce a huda wani, oga ya ce fenti sabo ne."

Yaya bai san haka ba, ni ma sai bayan an yi ɓarnar Chidi ya gaya min. Ya ga ruwa ya ƙaru, har ya ce Allah ya ƙara wa Mai Girma girma. Ya buɗe wa lambu duka. Ashiru ya roƙi kaɗan, Yaya ya hana shi. Kwana kaɗan alayyahu ya kwanta, ƙasa ta yi fari-fari. Tumatir ne kawai ya rage, can gefe, yana fure. In ya tafi, ranin bana ya tafi.

Ashiru ya ce, "Da ka ba ni rabi, da yanzu muna kuka tare."

"Rufe min baki."

"Ko miya ka yi da alayyahun. Ya zo da gishirinsa."

Duk da haka shi ya raka mu ƙofar gidan Mai Girma. Muka tsaya a rana. Can wani mai babbar riga ya fito, wanda aikinsa riƙe wa Mai Girma waya. Ya saurare mu da ladabi, ban ƙwace masa wannan ba. Ya ce aikin ya yi nasara ƙwarai, ko kifi ɗaya bai mutu ba. Muka ce alhamdu lillahi. Me za mu ce? Gwamnati ta sauya tanki ba a rasa rai ba, ai abin a sa a labarai ne.

Yaya ya cire hula. "Ranka ya daɗe, ko a riƙa sanar da mu ranar gishiri, sai in toshe hanyar ruwan."

"Ai injin ne ke yanke shawara, Malam. Mu ma ba ya gaya mana."

Ashe har inji ya koyi aikin ofis.

Mutumin ya duba waya, ya ce Mai Girma ba ya son talaka ya cutu. Saboda haka zaɓi na hannunmu. In mun so, yau ɗin nan Chidi zai toshe bututun da siminti, a mai da ruwan masai, mai daɗin da mai gishirin. In mun so kuma a bar shi yadda yake. Kun ji dimokuraɗiyya. Wannan ne karo na farko da aka tambaye mu ra'ayi ba a ba mu sabulu ba.

Yaya ya dubi Ashiru. Ashiru ya dubi takalminsa. Ta bayan katanga muna jin ruwan yana zuba, ba wanda ya san wane iri ne.

Mai rigar ya ce, "To, bayin Allah, ina da taro. A toshe, ko a bari?"