Ranar da Shugaban 'Yan Kabu-kabu Ya Je Ba da Jini

Ba zan taɓa mantawa ba da tafiyarmu Sakkwato ba da jini, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanen Ƙaura Namoda ne suka ƙi bari.

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ba. Ni ne shugaban 'yan kabu-kabu na bakin tasha (ba zaɓe aka yi ba, murya ce ta fi ta kowa). Da aka hana mu ɗaukar mata a mashin sai kasuwa ta ja baya, da yawanmu muka haɗa da bumburutu, wato sayar da fetur a galan a gefen titi. Aminina Lawali kuwa tun yana saurayi sana'arsa ke nan. Da baki yake zuƙo mai daga tanki ta tiyo, da fetur yake wanke hannu, sigari kuma ba ta barin leɓensa sai in zai buɗe jarka. Shi ya koya mini zuƙo, na zo na fi shi. Har gasa nake kira, in zuƙa in tofar in yi dariya.

Sai Lawali ya fara ramewa. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, dasashinsa yana zubar da jini, jikinsa yana yin tabo baƙi-baƙi ba tare da ya bugu da komai ba. Ni da ba na rasa amsa na ce basir ne, na sa aka jiƙa masa sassaƙe. Da abin ya ƙi, na ce to ciwon shawara ne. Yayarsa, Yaya Hassi, wadda ke aure a Zurmi, ita ta zo ta ɗauke shi ba tare da ta nemi izinina ba, daga asibitin Ƙaura aka tura su Sakkwato. Can aka ce sankarar jini ce, kuma yana bukatar ƙarin jini da gaggawa, a kawo 'yan'uwa.

Nan fa na samu fage. Na tara 'yan tasha na hau kan benci na yi jawabi. Na ce duk wanda ya ƙi ba Lawali jini ba namiji ba ne. Na ce ni in ana so a ɗebi galan guda a jikina. Na cika mota da maza, na zauna gaba da babbar riga ta shadda (wai don likitoci su san manya sun zo).

Na iske Lawali kwance a kan gado. Leɓensa fari fat, ko gaisuwa da ƙyar ya amsa. Na tsorata ƙwarai, amma na ɓoye. Likitan, wani dattijo mai haƙuri, ya tara mu a baranda ya yi mana bayani. Ya ce cutar daga ɓargo take farawa, inda ake ƙera jini. Fararen ƙwayoyin jini ne ke lalacewa su yi ta yawa har su danne masu kyau, shi ya sa mutum ke rasa ƙarfi, jini ya ƙi tsayawa, zazzaɓi ya samu wurin zama.

Na gyara murya na ce, "Likita, to ana ɗauka ne? Don mu da shi kwano guda muka ci."

Ya ce ba a ɗauka ko kaɗan, kuma ba sammu ba ne. Ya ce da yawa tana kama su ba tare da an san dalili ba, amma akwai abubuwan da ke ƙara haɗarinta: shan sigari, wasu magungunan feshin gona, wani lokaci gado, da kuma daɗewa ana shaƙar fetur ko taɓa shi. Sannan ya tambaya, "A cikinku akwai mai zuƙo mai da baki?"

Kawai dai duk suka juyo suka kalle ni.

Daga nan ban ƙara jin abin da likita ya ce ba. Na fara lalubar dasashina da harshe. Na tuna wani tabo da na gani a ƙwaurina. Kafin mu kai ɗakin ɗibar jini na riga na raba gadona a zuci, na ma yanke wanda zan bar wa mashin.

Ɗakin guda ne, an raba shi da labule, maza nan mata can. Ma'aikacin ya ce wa zai fara. Mutanena suka ce, "Shugaba!" da baki ɗaya, munafukai. Na naɗe hannun shadda na miƙe tsaye, na ce ni ba sai na kwanta ba. Allurar farko ma ta gwaji ce, 'yar ƙarama, a ɗan yatsa. Na ga ɗigon jini ya fito ja wur, na ga ɗakin ya karkata. Na kai hannu in kama wani abu, abin da na kama kuwa labulen nan ne.

Na farfaɗo a ɓangaren mata, naɗe cikin labule, hulata a ƙarƙashin gado, ana yayyafa mini ruwa. A samana Yaya Hassi ce kwance a kan gado, ledar jininta ta kusa cika, tana taunar goro. Ta leƙo ta dube ni ta ce, "Sannu Shugaba. Galan ɗin ne anka ɗiba halan?"

Matan nan suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce, "Ku ba shi hura, yaron ga yunwa ta." Ni da nake da 'ya'ya a lokacin.

Aka kai wa Lawali labari kafin in gama kakkaɓe riga. Aka ce ya yi dariya har sai da nas ta zo ta tsawata, dariyar da ya yi watanni bai yi ba. Jinin Yaya Hassi da na sauran aka sa masa ranar. Ni kuma aka gwada nawa aka ce lafiyata lau, tsoro ne kawai, kuma babu maganinsa a asibitin.

Da aka sake neman jini na koma ni kaɗai, ba jawabi, ba shadda. Na kwanta, na rufe fuska da hula, na yi ta salati har aka gama. Tiyo kuwa tun daga Sakkwato ban ƙara sa shi a baki ba, na sayi famfon hannu, na kuma dami 'yan tasha da wa'azi har wasu suka bi.

Lawali ya sha magani mai wahala, gashinsa ya zube ya dawo, Allah ya yi da sauran kwanansa. Yanzu gero yake sayarwa a kasuwar Shinkafi, yana zuwa asibiti ana duba shi. Abin da na koya shi ne, in za ka yi alkawarin galan, ka fara gwada ɗigo, kuma ka nisanci labule. Har yau in na je rumfarsa sai ya tara mutane ya nuna ni ya ce, "Wanga shi ya ba ni jini. Tun ran nan ko allura na gani sai in ji jiri."