Ranar da na kwaikwayi ɗingishin Malam

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Likoro ba, har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma na zo hutu daga asibitin da nake koyon aikin gyaran ƙafa. Likitanmu yana da mutum-mutumin katako mai gaɓoɓi, da shi yake nuna mana inda nauyin jiki ke sauka idan mutum ya ɗaga ƙafa. Yakan ce in muna son gane inda ciwo yake, mu kwaikwayi tafiyar mai shi, jikinmu zai faɗa mana. (Ni kuwa na haddace wannan kamar karatun allo.)

Na iske mahaifina, Malam, yana ɗingishi. Hankalina ya tashi, don na ga waɗanda suka fara haka suka ƙare a zaune, shi kuwa bai san sallah a gida ba. Ga shi ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kira, balle ya miƙo mini ƙafa.

Sai na yi dabara. Da ya nufi masallaci na lallaɓa na bi bayansa. Ya karkata, na karkata. Ya ja ƙafar dama, na ja tawa. Har da dafa gwiwa da ɗan nishi, ni ga gwani. Ban ankara ba ashe mun iso gaban dattawa suna alwala.

“Innalillahi!” in ji Baffa Sale, ƙanen Malam. “Kai, uban naka kake kwaikwayo? Bokon ke nan?”

Na zube na tsuguna. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito kawai shi ne, “Baffa, aiki ne.” (Wani tsoho har buta ya saki.)

Malam bai ko dube ni ba. “Sale, rabu da shi, tun daga zaure nake ganin inuwarsa. Faɗa wa yaron nan ba gwiwa ba ce, ƙugu ne. In an idar ya zo ya duba.”

Hawaye suka zubo mini, na kunya da na daɗi. Ranar na fara taɓa ƙafar mahaifina. Da sanda da ƙarin tudun da muka yi wa takalminsa ya ci gaba da zuwa masallaci har ƙarshen rayuwarsa.

Tun daga nan ba na kwaikwayon tafiyar kowa sai na fara tambayarsa inda ke ciwo, kuma sai na rufe ƙofa.