Ijtihadin Auta a Ɗakin Yaya Dije

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya gama kwashe mini sunayen mutane kamar yadda ya soma, da yammacin da na tsaya a falon yayata da ƙatuwar kyamara rataye a wuya, mata sun cika tabarmi, ni kuwa ina duban ƙofa ina auna nisanta.

Ni mutum ne da ya ƙarar da shekarunsa yana karantar da fiƙihu da nahawu a zaurensa a Ƙofar Ran. Gemuna ya yi fari, kuma idan na shigo wuri akan gyara zama. Amma a gidan Yaya Dije duk wannan ba ya aiki. A can sunana Auta. Ita ta fara ɗora mini yatsa a kan baƙaƙe tun ina yawo ba wando, kuma har yau matan unguwa suna zuwa ɗaukar karatu a wurinta. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, in ban da na fasfo lokacin tafiya Makka, wanda ta ce lalura ce ta halatta shi.

Jikarta Halima ta zo gida wankan jego, ta haifi 'ya mace, aka sa mata sunan Yaya. Mijin Halima a Fatakwal yake aiki, can za ta koma da zarar ta yi arba'in, kuma babu wanda ya san yaushe za a sake haɗuwa, domin Yaya ta manyanta ƙwarai. Sai Halima ta shiga roƙo, hoto ɗaya tak take so: Yaya, da mahaifiyarta, da ita, da jaririyar, su huɗu a jere. Yaya ta yi ta ƙi. Daga baya ta amince bisa sharaɗi biyu. Na farko, baƙon namiji ba zai shigo mata ɗaki ba. Na biyu, ba da waya ba, domin a cewarta hoton waya ba ya kulle, da safe yana Bauchi, kafin azahar ya isa Legas. Ta ce in dai Auta ne zai ɗauka, da kyamara ta gaske, a wanke a maƙala a bango, to za ta zauna. Sau ɗaya.

Na karɓa ba tare da jinkiri ba. (Na san akwai masu magana a kan mas'alar hoto, kuma na san maganar tasu, amma ba nan ne muhallinta ba.) A raina na ce, wanda ya warware rabon gado mai sarƙaƙiya, wane ƙarfe ne zai gagare shi?

'Yata Asma'u, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kwatanta mini shagon wata mata a Wunti, Madam Saratu, mutuniyar wajen Bogoro, mai sayar da kyamarori sababbi da na hannu. Na hau keke mai ƙafa uku na tafi. Ta tarbe ni da girmamawa, ta share mini kujera, ta tambayi abin da zan riƙa ɗauka. Da na gaya mata, sai ta ɗauko wata 'yar ƙarama mara nauyi, ta ce wannan ta masu koyo ce, za ta wadatar da ni. Ni kuwa idona yana kan wata baƙa da ke saman kanta, mai kauri, jikinta duk maɓallai. Dole in faɗi gaskiya, na zaɓe ta ne yadda ɗalibi sabon shiga yake zaɓen littafi, wato da kaurinsa. Na ce ta sauko da ita.

Ta ce, “Baba, wannan tana da nauyi fa. Ta masu aikin biki ce.”

Na tambaye ta isnadinta, wato daga hannun wa zuwa hannun wa ta biyo har ta iso nan. Ta yi dariya, ta ce wani mai ɗaukar hoton aure ne ya kawo ta da ya sayi sabuwa, kuma lafiyarta ƙalau. Na ce ruwaya ta inganta, ita zan ɗauka.

Da ta ga ba zan sauya ba, sai ta zauna ta yi mini bayani da haƙuri. Ta nuna mini 'yar tagar da ake kanga ido a leƙa, da allon baya inda hoto yake fitowa bayan an ɗauka. Sannan ta nuna wani ɗan faifai a sama da ake murzawa. Ta ce idan na ajiye shi a kan koriyar alama, oto ke nan, kyamarar ce za ta duba haske ta yanke komai da kanta, nawa kawai dannawa. Idan kuwa na kai shi kan manuwal, ni zan zaɓi buɗewar idon kyamara, da saurin ƙiftawarsa, da sauran su. Ta murza shi zuwa kore, ta ce don Allah in bar shi a nan.

A cikin keke, a hanyar komawa, Shaiɗan ya zo mini ta ƙofar ilimi. Na ce ashe mas'alar a bayyane take. Koren nan ai taƙlidi ne, ka bi hukuncin wani ba tare da ka san dalilinsa ba. Manuwal kuwa ijtihadi ne, ka duba dalilai ka fitar da hukunci da kanka. To, ni ne zan yi wa ƙarfe taƙlidi? (Mai karatu ya sani, ni ɗin nan ne nake hana ɗalibaina ba da fatawa kafin su ƙoshi, ina ce musu mai koyo ba shi da abin da ya fi masa bin na gaba.) Kafin mu iso Ƙofar Ran na murza faifan.

Na shafe kwanaki ina gwaji a ƙofar gida da rana tsaka, lokacin da babu ɗalibai. Abin gwajina tunkiyar maƙwabcina ce, wadda ake ɗaurewa kusa da bishiyar dogon yaro. Da farko ta riƙa fitowa fari fat kamar an shafe ta da alli. Na yi ta rage wannan ina ƙara wancan, har wata rana ta fito tsaf, ana iya ganin ƙwayar idonta da ciyawar da ke bakinta. Na yi hamdala. Na haddace lambobin da suka ba da wannan sakamako kamar yadda ake haddace matani, na ƙudurta cewa an gama, hukunci ya tabbata, ba a sake taɓa shi.

Ranar ta zo, jajibirin tafiyar Halima. Bayan la'asar na isa gidan da babbar riga, kyamara tana jan wuyana ƙasa. Yaya ta ce a ɗakinta za a yi, ba a tsakar gida ba. Ɗaki ne irin na dā, taga ɗaya ƙarama, ita ma da labule. Ta sa farin mayafinta na Idi, ta zauna a bakin gado, aka ɗora mata takwararta a cinya, mahaifiyar Halima a dama, Halima a hagu. Na cire tabarau na sa a aljihu, domin yana karo da 'yar tagar leƙawa. Da na kanga ido, sai na gan su tar, har zanen lallen da ke hannun Halima. Na danna, kyamara ta yi ƙara mai daɗin ji. Na dubi allon baya, na ga baƙi. Na ce a raina, ya kashe kansa ne don tattalin batir, lalle masu wannan ƙira sun san tsimi. Na ci gaba da dannawa, ina ba da umarni, a ɗaga haɓa, a matso, a daidaita jaririya. Asma'u ta ce ko in bari ta duba. Na ce mata kowane fanni da mutanensa, ita ta tsaya ga allura.

Yaya ta ce ya isa haka. Ta cire mayafin ta ninke, ta mayar akwati.

Da na tsaya a nan na tafi gida, da kunyar ta same ni ni kaɗai. Amma ni da bakina na ce a haɗa kyamarar da talabijin ɗin falo, domin kowa ya gani. A lokacin matan da ke karatu wurin Yaya sun zo yi wa Halima sallama, falo ya cika. Asma'u ta haɗa. Hoton farko da ya bayyana na tunkiya ne, ta cika allo, tana tauna cikin natsuwa. Mata suka yi ta mashaAllah, wata ta ce kamar ka miƙa hannu ka shafa ta. Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, na ce a wuce gaba, wannan gwaji ne kawai.

Aka wuce. Baƙi. Aka sake wucewa. Baƙi ƙirin. Wata tsohuwa ta ce an ɗauke wuta ne, sai duk muka ɗaga kai muka ga fanka tana juyawa. Asma'u ta ci gaba da dannawa, a hankali, ba ta duban inda nake. A ɗaya daga ciki an ga wani siririn layin haske, wanda bayan nazari aka yi ittifaƙi cewa gefen labule ne. Na sa tabarau na matsa kusa da talabijin, kamar kusanci zai fito da mutane. Asma'u ta yi mini bayani ƙasa-ƙasa cewa abin da na gani ta tagar leƙawa ba hoton ba ne, madubi ne a ciki yake nuna wa idona ɗakin, kuma baƙin da na riƙa gani a allon baya shi ne hoton.

Halima ta rungume jaririyarta, idonta ya ciko. Motarsu da asuba za ta tashi, mayafi ya koma akwati, kuma kowa ya ji lokacin da Yaya ta ce sau ɗaya.

Yaya ta ce, “Auta, zo nan. Me ka yi?”

Na durƙusa gabanta, da gemuna da rawanina, na kawo bayanin taƙlidi da ijtihadi tun daga farko. Ina jin muryata tana ƙanƙancewa yayin da nake yi. Ta saurara har na gama, kamar yadda take sauraron mai biya karatu.

“A ina ka yi ijtihadin?”

“A ƙofar gida, Yaya. Da rana tsaka.”

“A kan wa?”

Na shiga gyara rawani. Ta sake tambaya. Na ce a kan tunkiya.

“Wato ka ɗauko hukuncin tunkiya a rana, ka ɗora wa yayarka a ɗaki. Auta, ƙiyasi ka yi mini da tunkiya?”

Wata daga cikin ɗalibanta ta toshe baki da gefen hijabi, amma abin ya fi ƙarfinta. Daga nan falo ya ɓarke. Har mahaifiyar Halima, wadda take kirana Kawu kuma ba ta taɓa dariya a gabana ba, ta juya ta kifa kai a bango kafaɗunta suna rawa. Yaya kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta dubi baƙin allon, ta ce a duk hotunan duniya ba ta ga wanda ya kiyaye suturar mace kamar wannan ba, kuma da haka hoto yake, da tuni ta yarda. Ta ƙara da cewa kada in damu, mai ijtihadi ko ya kuskure ba ya rasa lada guda.

Halima ta matso ta riƙe ƙafar Yaya. Yaya ta daɗe tana duban jaririyar. Sannan ta ce a ɗauko mata mayafi. Amma ta kafa sharaɗi na uku: sai na faɗa da bakina, a gaban ɗalibanta, matsayina a wannan fanni.

Na miƙe na ce, “Ku shaida, ni muƙallidi ne, mai bin na gaba.”

Suka ce sun shaida.

Muka koma ɗaki da sauri, domin magariba ta gabato. Na murza faifan zuwa kore da hannuna. Na kanga ido, na taɓa maɓalli, sai wani ɗan murfi ya yi tsalle daga saman kyamarar ya bugi rawanina. Fitilarta ce ta tashi da kanta don ta ga duhu, amma ni na zaci na karya ta, na yi salati da ƙarfi na ja da baya. A nan ne Yaya ta kasa. Ta tuntsire da dariya irin wadda rabona da ji tun muna yara a gidan mahaifinmu, yatsana kuwa ya danna ba da niyyata ba. Haske ya walƙa. Na sa tabarau na duba. Ga su nan su huɗu, Yaya baki buɗe, Halima da hawaye da dariya tare, jaririya ta ware ido. Hoton ya ɗan karkace, amma babu wanda ya nemi a sake.

A daren aka wanko hoton, Halima ta tafi da nata. Na Yaya yana bangon ɗakinta, sai dai ta sa Asma'u ta wanko ɗaya daga cikin baƙaƙen, shi ma aka sa masa firam aka rataye a gefensa. Duk baƙuwar da ta tambaya, sai ta nuna da sanda ta ce wannan ijtihadin Auta ne, wannan kuma taƙlidinsa.

Darasin da na ɗauka shi ne, furfura ba ta hana mutum zama ɗan aji ɗaya, kuma ijazar karantarwa da aka ba ka a zaure ba ta aiki a shagon Wunti. Wanda zai sayi kyamararsa ta farko, ya ɗauki wadda wuyansa zai iya, ya bar faifai a inda mai shago ta ajiye shi. Idan kuma ya ga baƙi, ya sa tabarau kafin ya yaba wa masu ƙira.