Ibranancin Ɗantani da Kujerar Makka

"Duk cikin ganuwar nan," in ji Ɗantani baduku, yana bugun ƙirji a majalisarmu ta Gwammaja, "babu mai jin harshen Annabi Musa sai ni!"

Kada ka yi saurin dariya, ɗan'uwa, domin mu da muke taƙama da wayon birni, baki buɗe muka gaskata shi. Ashe kalma ɗaya tak ya tsinta wajen wani Fada na coci da ya zo sayen jakar fata a kasuwar Kurmi. Amma fa ya jeme ta har ta yi laushi.

"Ala, ya hau. Alu, sun hau. Aliti, na hau. Su Bani Isra'ila ba sa cewa sun tafi Ƙudus, sai dai sun hau, don a kan tudu take. Ka gane, Mamman, ko kan naka tukunyar shayi ce?"

Mamman mai shayi ya ce, "To Shehin Ƙudus, yaya ake cewa an sauka?"

"Ba a koya wa ƙananan ɗalibai wannan."

A shekarar ce soja suka koma bariki, farar hula suka dawo da rabon kujerun Makka. Honarabul ɗin da Ɗantani ya yi wa yawon kamfe har takalminsa ya huje ya yi masa alkawarin guda. Sai dai gogan ba ya son a ce ɗan tafi aka biya wa, so yake a san malami aka ɗauka. Ranar da aka tara magoya baya, ya miƙe ya zazzage wa Honarabul Ala, Alu, Aliti, har da ɗaga yatsa.

Honarabul ya dafe hula. "Allahu Akbar! Ashe da irinka a cikinmu? Ga mutanena Kiristoci na Sabon Gari zan tura ziyara Ƙudus, ba su da tafinta. Kai za ka raka su. Makka ai kowa ma ya je, a ba Mamman."

Ɗantani ya yi maza ya ce, "Ranka ya daɗe, ai nawa Ibranancin na dauri ne, na zamanin Fir'auna."

"Shi ma muna so. Gaishe ni da shi mu ji."

Ɗantani ya ce, "Aliti."

"Me ka ce?"

"Na hau."

"Ka hau ina?"



Mamman ya ce, "Ranka ya daɗe, hawa kaɗai ya iya. In kuka tura shi, mutanenka a sama za su dawwama."

Nan take Ƙudus ma ta bi Makka, wuri ya kaure da dariya.

Abin takaicin, tuni bawan Allahn nan ya gama zagaye unguwa yana sallama da neman gafara irin na maniyyata. Har ya durƙusa gaban Gwaggo 'Yardada ya faɗa mata shi ya soye zakaranta da aka ɗora wa muzuru laifin cinyewa. Ta yafe da hawaye, ta ce ya tuna da ita a Arfa.

Washegari sai ga ta a ƙofar gidansa, da muciya a hannu.

"Ɗantani, na ji an fasa?"

"Ɗagawa aka yi, Gwaggo."

"To yafiyar nan ta mai tafiya ce. Tunda kana nan, fito min da zakarana."