Dayis ɗin da Na Miƙa wa Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da matata ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur ba, ni kuwa na ɗago kai a gaban baƙuwa na ce, "Falmata, ƙafata kike takawa." Da na yi shiru daga nan, da ba ni da labarin da zan ba ku yau.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne a Maiduguri, sashen labarai. Ina fassara, ina karantawa, kuma ni ake kawo wa rubutun wasan kwaikwayo in duba kafin a ɗauka. Aikina in tsamo duk kalmar da uba ba zai so ya ji ba alhali 'yarsa na zaune kusa da rediyo. Na ƙware a wannan har abokan aiki suna kirana Rariya. (Ina jin daɗin sunan, ban taɓa tsayawa na yi tunanin ko yabo ba ne.)

Wasan da zan ba ku labari ƙanin matata ne ya kawo mana shi, Modu, da ya dawo daga karatu a waje. Lokacin an katse layukan waya, an hana hawa babur, dokar hana fita kuma tana kora kowa gida tun rana ba ta faɗi ba. A Gomari muke, kusa da filin jirgi, inda ƙarar jiragen yaƙi ke yanke wa mutum magana a tsakiyar jimla. Ba inda za a je, ba wanda za a kira. Modu ya ce akwai wasan da ba ya buƙatar wuta ko waya. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin yana faɗin abin da zai yi. Idan abin na da haɗari, sai a jefa dayis, ɗan ƙashin nan mai ɗigo-ɗigo na ludo, shi zai yanke hukunci.

Ni aka ba jan labari saboda murya. Na ƙirƙiro mana jirgi mai yawo tsakanin taurari, da wasu halittu masu yaƙi da 'yan Adam waɗanda Falmata ta laƙaba wa suna Zuhurawa. Modu ne matuƙi, Falmata ce kyaftin (a gida ma haka abin yake). Duk Asabar bayan azahar sai mu zauna a teburin cin abincin da ba mu taɓa cin abinci a kansa ba. Layukan waya suka dawo, mu ba mu bar wasan ba. Shekaru muka yi a kai.

Daga baya ne Rifkatu ta shigo. Makarantar firamare ɗaya suke koyarwa da Falmata. 'Yar kudancin Borno ce, tana haya a Moduganari. Ƙanwarta na cikin matan da yaran nan suka kwashe daga ƙauyensu. ("Yaran nan" muke ce musu a titi, a rediyo kuma 'yan bindiga.) Da sojoji suka fito da ita, da ciki ta dawo. Ta haifi namiji, ta kasa ko kallonsa, dangi suka tafi da ita wani gari. Rifkatu ta ɗauki jaririn ta sa masa suna Dauda.

Falmata ce ta roƙe ni a sa ta cikin wasan. Ta ce a unguwarsu mata na janye 'ya'yansu in Rifkatu ta fito da goyo, a makaranta kuma tausayi ya ishe ta. Tana son wuri ɗaya da za ta zauna a manta da ita. Na ce ba komai. Na san labarin Rifkatu sarai, amma irin sanin da nake yi wa labaran da nake karantawa: wa, ina, yaushe. Da na ninke takarda shi ke nan.

Ta zaɓi zama likitar jirgi. Makonnin farko ba ta cewa komai sai an tambaye ta. Sannu a hankali ta sake, har ranar da matuƙi ya karye a hannu ta ce ba za ta ɗora shi ba sai ya yi alkawarin daina tuƙin ganganci. Ranar na fara jin dariyarta. Dauda kullum yana bayanta ko kan cinyarta, yana barci ko yana tsotsar gefen mayafinta.

To, sai Modu ya jawo mana soyayya. A cikin labarin akwai wata Bazuhura mai suna Sulma da ta gudo daga mutanenta ta nemi mafaka a jirginmu. Ni na sako ta don ta nuna musu hanya kawai. Modu, wanda a duniyar gaske ko gaisuwa ba ya iya yi wa budurwa, ya ce matuƙinsa ya kamu.

"Ya Falmata, a matsayinki na kyaftin, ki nema min aurenta."

"Kai da ko keke ba ka da shi?"

"Ina da jirgi."

"Jirgina ne. Haya kake."

Aka jefa dayis, Sulma ta amince. Aka yi biki a cikin jirgi, Rifkatu ta dage sai an yi wa amarya lalle ko da yatsunta sun fi namu yawa. Ana cikin dariya Falmata ta juyo gare ni.

"To Malam, ya suke haihuwa?"

Ku duba zaman. Matata, ƙaninta, da baƙuwa mace. Na yi gyaran murya na ce lokaci ya ƙure, sai mako mai zuwa.

Mako guda na yi ina aiki a kan amsar nan, fiye da yadda nake yi wa labaran duniya. Ina cikin keke mai ƙafa uku a layin shingen sojoji ina tunani. Ina jiran a kunna min jan fitila a ɗakin watsa labarai ina tunani. Abin da nake tsoro ɗaya ne, batsa. Kada wata kalma ta fito da za ta sa Modu ya sunkuyar da kai a gaban yayarsa. A ƙarshe na samo mafita. Zuhurawa ba sa taɓa juna. Miji da mata kowa zai hura numfashinsa cikin wani ƙoƙo mai kama da gilashi, a rufe, a binne cikin yashi mai ɗumi kamar ƙwan kada, bayan wani lokaci jariri ya fito. Ba ciki, ba naƙuda, ba abin da limami zai ɗaga gira a kai. Na yaba wa kaina ƙwarai.

Sai kuma na ga labarin ya yi lami. Modu ya sha gaya min cewa wasa ba ya daɗi in babu abin fargaba. Don haka na ƙara doka guda, na ji kamar na zuba wa miya gishiri.

Asabar ta zo. Rifkatu ta iso a makare saboda an tsayar da kekensu, ta ce mana wushe da irin Kanurinta na 'yan makaranta, ta kwance Dauda ta ɗora a cinya. Na bayyana maganar ƙoƙo da yashi. Ta karɓu. Modu ya tambaya ko sai ya yi asuwaki kafin ya hura, Falmata ta ce in dai numfashinsa ne yaron zai fito yana warin albasa. Rifkatu ta yi dariya har da share ido. Ƙoƙo ya fashe, namiji ne, kuma da yake ita ce likita, a hannunta na sa shi.

"Yanzu saura abu ɗaya," na ce, da muryar da nake karanta kanun labarai. "Yaron nan rabinsa namu ne, rabinsa na waɗancan. Likita za ta jefa dayis. Ɗaya zuwa huɗu, ya tashi namu. Biyar ko shida, jinin mutanen nan zai tashi a jikinsa in ya girma, wata rana shi zai buɗe musu ƙofar jirgi muna barci."

Na ɗauki dayis na miƙa mata.

A nan ne Falmata ta taka ni, ni kuma na sanar da jama'a cewa ana taka ni. Na dubi Modu, na ga ya ƙura wa tebur ido. Kun san abin da na ɗauka? Na ɗauka ba su gane dokar ba. A rediyo an koya mana cewa mai sauraro ba ya iya komawa baya, don haka muhimmin abu a maimaita shi. Na maimaita. A hankali, kalma bayan kalma, har da ɗaga yatsu.

Rifkatu ta karɓi dayis ɗin. Ta juya shi a tafin hannunta.

"Malam, in shida ta fito, me likitar za ta yi da shi?"

Har wannan na shirya wa amsa. "Sai kyaftin ta yanke shawara, ko a ci gaba da riƙonsa ana sa masa ido, ko kuma a fitar da shi daga..."

Jirgi ya taso daga filin, ƙararsa ta cika ɗakin, dole na dakata. Ƙarar ce ta tashi Dauda. Ya buɗe ido, ya ga abu fari mai ɗigo a hannun uwar riƙonsa, ya miƙa hannu zai ɗauka. Cikin wannan dakatawar ne na ji jimlata kamar wani ne ya karanta min ita. Da ƙarar ta wuce, duk suna jiran in ƙarasa.

Rifkatu ta ajiye dayis ɗin a tsakiyar tebur, a hankali, yadda ba zai mirgina ba.

"Maƙwabciyata ma haka take cewa," ta ce. "Sai dai ita ba ta da muryar rediyo."

Ta miƙe ta goya Dauda. Ta ce gara ta kama hanya kafin dokar hana fita, alhali ko la'asar ba a kira ba. Falmata ta raka ta titi. Modu ya tattara takardunsa ya ce, "Yaya, ni da na ce a sa abin fargaba, dodo nake nufi." Da Falmata ta dawo ba ta yi min faɗa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni ta ce, "Mako guda ka yi kana shirya wannan?" Na ce eh. Ta wuce kicin.

Bayan kwana biyu na tafi Moduganari. Na tsara ban haƙurina tun a hanya, kuma sai da na fara furta shi na ji irin wanda muke karantawa ne in mun yi kuskuren suna: ana neman afuwar duk wanda abin ya shafa. Rifkatu na wanki a tsakar gida. Ta bar ni na kai rabi.

"Malam, riƙe min shi in shanya kayan nan. Ciki da zafi, ka zauna a benci a waje."

Na zauna a ƙofar gida da Dauda a cinya. Unguwar an san fuskata. Masu wucewa suna gaishe ni, sai idonsu ya sauka kan yaron, gaisuwar ta gajarce. Wata mata ta fito daga gidan da ke kallonmu da 'yarta a hannu, ta gan mu, ta sauya wa yarinyar gefe. Wani dattijo ya tsaya ya ce yana jin daɗin labaraina, sannan ya rage murya ya ce, "Amma Malam, ka san ɗan waye wannan?" Na ce na sani, ɗan Malama Rifkatu ne. Ya yi murmushin da ake yi wa wanda bai san gari ba ya wuce. Ban fi rabin sa'a a bencin nan ba. Dauda ya ja min gemu, ya yi min fitsari a shadda, ya koma barci.

Da ta fito ta karɓe shi, na ce mata na soke dokar, yaron cikin jirgi namu ne, kujerarta na nan ranar Asabar.

"Na yafe, Malam, tun a keke na yafe. Na san ba da nufi ka yi ba." Ta gyara goyonta. "Amma gidanku ne kaɗai inda nake zama ba na tsaron bakin kowa. In na dawo, naka zan zauna ina tsaro."

Ba ta dawo ba. Suna gaisawa da Falmata a makaranta har zuwa lokacin da ta nemi canjin wurin aiki ta bar garin da yaron. Mu ma mun daɗe ba mu zauna ba, kuma da muka koma, sabon labari muka fara. Jaririn Sulma yana nan inda muka bar shi, a hannun likita, ba a jefa masa dayis ba.

Na yi shekaru ina tace kalmomin da za su kunyata mai faɗa, ban taɓa ɗaga kai na duba wa ke zaune yana ji ba. Yanzu kafin mu fara sabon labari nakan ja kowane ɗan wasa gefe in tambaye shi abin da ba ya so ya tarar a cikin jirgi. A garin nan ba wanda ya taɓa ce min babu. Duk abin da ya shafi aure ko haihuwa kuma, na mutane ne ko na masu yatsu da yawa, sai kyaftin ta ji shi tukuna. In kuwa na ji nauyi a kan ƙafata a ƙarƙashin tebur, ba na sanarwa. Shiru nake yi, ko da a tsakiyar kalma ne.